Babi na Bakwai: Majigi a Cikin Akwatin Katako

A teburin masu kayan makaranta a Babbar Kasuwar Gombe, tsakanin biro da rula da kwalayen alli, akan samu gilashin ƙara girma mai mariƙi, irin wanda dattijai ke duba ƙananan rubutu da shi. Cikin masu sayensa akwai waɗanda ba karatu ne a gabansu ba. Samari ne da suka ga bidiyo a waya, inda aka nuna musu cewa da kwalin takalmi da wannan gilashi mutum zai mayar da bangon ɗakinsa silima. Sai su huda kwalin ta gaba, su liƙa gilashin, su shafa baƙin fenti a ciki, su jingina wayar a baya, su kashe fitila.

Hoto yana fitowa, babu ƙarya a nan. Sai dai yana fitowa a kife, kuma ko an juya wayar kai ƙasa don ya miƙe, rubutu zai zo a birkice, dama ta koma hagu. Abin da ya fi ɓata rai shi ne dishi-dishinsa. Sai an toshe taga, an cusa tsumma a ƙasan ƙofa, an jira ido ya saba da duhu, sannan a gane fuskar Ali Nuhu ce a bango ko ta wani. Da yawa daga nan suke jefar da kwalin, su ce an cuce su.

Gilashin bai cuci kowa ba, aikinsa ya yi. Kowane irinsa yana da tazarar da yake tara haske, kuma auna ta ba wuya: a riƙe shi a rana, a yi ta ɗaga shi ana saukewa har hasken ya dunƙule ya zama ɗigo ɗaya a ƙasa, a ɗauko tef ɗin tela a auna daga gilashin zuwa ɗigon. A yi hattara dai, ɗigon nan yana ƙona takarda, yana ƙona fata. Idan tazarar santimita 20 ce, bango kuma yana nesa da mita 2, to wayar za ta zauna kimanin santimita 22 a bayan gilashin, hoton ya ninka sau 9 a tsaye, sau 9 a kwance. Waya mai inci 6.5 ta ba da hoto mai inci 58 ke nan, ya fi talabijin ɗin gidaje da yawa girma.

Matsalar tana cikin lissafin. Tara sau tara 81 ne, wato hasken da ke kan tafin hannu ɗaya an baje shi a fili 81 irinsa. Kuma tun kafin a zo nan an yi asara. Ana auna yawan hasken da abu ke fitarwa da lumen, fuskar waya kuma, ko an ƙure haskenta, abin da take bayarwa bai wuce lumen 15 da 'yan kai ba. Wannan ɗan hasken ma watsuwa yake yi ko'ina cikin kwalin, abin da ke faɗawa cikin gilashi mai faɗin santimita 9 bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Abin da ya isa bango bai cika lumen 1 ba. Majigin da ake kunnawa a ɗakin taro ko ajin jami'a yana ba da wajen 3,000. Tamkar a zuba cokalin sukari ɗaya a randar kunu ne a ce jama'a su sha zaƙi.

Girman hoto dai araha ne. Haske shi ne mai tsada, kuma duk tarihin majigi a kan neman haske ya ginu.

Alhasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma yi aikinsa a Alƙahira, ya bayyana tushen abin a littafinsa Kitabul Manazir. Ya jera fitilu a wajen wani wuri mai duhu da ke da 'yar kafa, ya ga kowace fitila ta sa ɗigonta a bangon ciki, idan ya tare ɗaya sai ɗigonta kaɗai ya ɓace. Da haka ya nuna haske a miƙe yake tafiya, dalilin da ya sa na sama ke sauka ƙasa, na ƙasa ya hau sama. Kifewar hoton kwalin takalmi daga nan take. Wajen 1659 Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya ƙirƙiro na'urar da ta haɗa abubuwa uku, fitila a baya, hoto a kan gilashi a tsakiya, gilashin ƙara girma a gaba. Har yau tsarin bai canza ba. 'Yan'uwan nan Lumière sun nuna hoto mai motsi ga 'yan kallo masu biyan kuɗi a Paris a watan Disamba na 1895, ya iso zauren Glover a Legas a 1903, Kano ta samu silimar Rex a 1937.

Talakan Arewa dai a fili ya san majigi. Motar hukuma ce ke zuwa gari da injin wutarta, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko gidan hakimi, a jira dare ya yi, mai fassara ya riƙe lasifika yana bayani. Ana nuna tsafta, da rigakafi, da noman zamani, kuma dattijai har yanzu suna tuna Baban Larai, fim ɗin da ya koyar da noman auduga. Darasi ne da ya dace da ƙasar Gombe, wadda auduga ta ɗaga ta, har sunan kamfanin Turawan auduga, BCGA, ya zama sunan unguwa, jirgin ƙasa kuma ya iso garin a 1963 yana kwasar amfanin gona. Masu waccan mota sun san abu biyu da saurayin kwali ya tsallake: sun zo da fitila mai ƙarfin da sai da inji, kuma duk da haka ba sa kunnawa sai duhu ya sauka.

Wanda ke son majigi na gaske, wanda iyali za su zauna su kalla ba tare da murza ido ba, dole ya raba aikin gida biyu. Wani abu ya riƙe hoto, wani daban ya kawo haske.

Mai riƙe hoton shi ne sikirin irin na LCD. Duk mai gyaran waya ko kwamfuta a Sabon Layi ya san cewa sikirin ɗin nan shi kansa ba ya haske. Gilashi ne siriri mai ɗauke da dubban ƙananan tagogi da ke buɗewa da rufewa, fitilarsa a baya take, tare da wasu fararen ledoji masu baje haske. Idan aka ɓare fitilar da ledojin a hankali, abin da ya rage gilashi ne mai duhu-duhu da ake hango hannu ta cikinsa, yana kuma ci gaba da nuna hoto muddin yana haɗe da allon da ke sarrafa shi. Sikirin ɗin AMOLED da ke kan manyan wayoyi ba ya wannan aiki, domin kowane ɗigo nasa shi ke kunna kansa, babu hanyar da haske zai ratsa. Abin da aka fi samun sauƙinsa shi ne ƙaramin sikirin mai inci 5 zuwa 7 da ke zuwa da allonsa mai ramin HDMI, ko na matacciyar laftof a haɗa shi da allon nan na gama-gari da masu gyaran talabijin ke sawa idan na asali ya ƙone. Na laftof ya fi ɗigo yawa, 1366 a kwance da 768 a tsaye, amma yana jawo ƙaton akwati da manyan gilasai. Mai inci 7 yawanci 1024 ne da 600. Idan aka baje shi a bango mai faɗin mita 2, kowane ɗigo zai kai milimita 2, mai zama kusa zai gan su ɗaya bayan ɗaya.

Ɓarewar nan ita ce wurin da hannu ke rawa. Siririyar igiyar da ta haɗa gilashin da allonsa ba ta jure lanƙwasa, in ta tsage an gama. Akwai kuma wata leda mai duhu manne a fuskokin gilashin biyu, wadda sabon shiga kan zaci datti ce ko kariya ya ɓamɓare. Ita ce mai tace haske, ba tare da ita ba sikirin zai zama fari fat, babu hoto. Shi ya sa mai hankali ke kai wa wanda ya saba, ya ce, "Oga, a taimaka a cire min fitilar baya kawai," ya biya ladan aiki ya huta.

Sikirin ɗin mai rowa ne. Ledar tacewa tana shanye fiye da rabin hasken, matatun launi na ja da kore da shuɗi su cinye kashi biyu cikin uku na abin da ya saura. Abin da ke tsira bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Don haka fitilar sai ta zama mai ƙarfin gaske, kuma a nan zamani ya yi wa mai haɗa majigi gata. Farar fitilar LED ta samu ne bayan Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura sun samar da shuɗiyar LED, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Yau a shagon kayan wuta ana samun ƙwayar LED mai wat 50 ko 100, irin ta fitilar tsaro, faɗinta bai fi kwalin ashana ba. Mai wat 100 tana cin bolt 30 zuwa 36, tana jan amfiya 3, tana ba da lumen dubu takwas zuwa goma. Bayan duk asarar hanya, idan 200 suka isa bango an yi aiki mai kyau. Ya yi kaɗan a kan na ɗakin taro, amma ya ninka na kwalin takalmi sau ɗaruruwa, kuma a ɗaki mai duhu ya wadatar.

Saura a lallaɓa hasken ya bi hanya. Wannan aikin gilashin Fresnel ne, faranti mai shafi kamar takarda da aka zana wa zobba a jikinsa. Augustin Fresnel ya ƙirƙiro shi a Faransa don hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa, aka fara kunna shi a Cordouan a 1823. Ana buƙatar biyu. Na farko yana zama tsakanin fitila da sikirin, a daidai tazarar tara haskensa, ya miƙar da hasken ya ratsa kowane lungu na sikirin daidai wa daida. Na biyu yana gaban sikirin, ya tattara hasken ya cusa shi cikin gilashin gaba. Kowanne a bar masa ratar santimita 1 ko 2 daga sikirin, in ba haka ba zobban nan za su bayyana a bango. Madubi da aka kwantar a kusurwar digiri 45 shi ke gyara rubutun da ya birkice, ya kuma rage tsawon akwatin.

Fresnel da gilashin gaba mai kyau su ne kayan da suka fi wuyar samu a Gombe. Mai sa'a shi ne wanda ya ci karo da tsohuwar majigin tebur, wadda malamai ke ɗora rubutu a kan leda kafin zuwan kwamfuta. Cikinta akwai Fresnel, da madubi, da gilashin gaba, duk an auna su sun dace da juna. Irinta takan ƙare a hannun 'yan gwangwan, su fasa ta don ƙarfe da wayar jan ƙarfe, su yar da abin da ya fi komai daraja a cikinta. Wurin 'yan gwangwan bai kamata a raina shi ba. Da tarkace da injin tsohuwar Honda Civic ne Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibi a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a Kano a 2007. In ba a dace ba, sai a ba da saƙo Kasuwar Farm Centre a Kano ko Alaba a Legas.

Sauran kayan duk suna nan. Kafinta zai yanka falanki ya haɗa akwati, ya yi wa gilashin gaba bututu mai zamewa, ko da fayif ɗin ruwa ne, don a matsa shi gaba da baya har hoto ya fito tas. Mai yankan gilashi zai ba da madubi. Mai gyaran kwamfuta yana da fanka da ƙarfen sanyaya furosesa a cikin kwandon tarkacensa.

Waɗannan biyun na ƙarshe su ne ran majigin, domin zafi ne ke kashe shi. Fiye da rabin wutar da LED ke ci zafi take komawa, kuma idan aka kunna mai wat 100 ba tare da ƙarfen sanyaya da man da ake shafawa tsakaninsu ba, kafin a ƙifta ido ta ƙone. Sikirin ma haka. Duk hasken nan da ya shanye zafi ya zama a jikinsa, in ya yi yawa sai a ga baƙin tabo ya fara daga tsakiyar hoto yana yaɗuwa. Idan an kashe da wuri yakan warke, idan aka maimaita ledar tacewa ta toye, tabon ya zauna. Wanda ya gwada majiginsa da sanyin Disamba ya ga lafiya lau bai gama gwaji ba, sai ya kai Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke dosar digiri 40, iskar da fanka ke zuƙowa ma da ɗuminta. Fanka biyu ake so, ɗaya ta fitila, ɗaya ta hura iska ta ratsa fuskar sikirin, da falle ɗaya na gilashi tsakanin fitila da Fresnel ya tare huci. Hunturu kuma da nasa. Ƙurar da ta sauka a kan sikirin ana ninka girmanta kamar yadda ake ninka hoto, don haka ramin shigar iska yana son soso ko yadin gidan sauro ninki biyu, a riƙa cirewa ana kakkaɓewa.

Abu uku ba a wasa da su. Ba a kallon LED ɗin nan kai tsaye. Ba a sa ta a kwali, katakon ma a yi masa rufin kwano a gefen fitila. Duk inda wutar gida mai bolt 230 ta shiga akwatin, a bar wa mai aikin wuta ya haɗa, musamman a gidan da yara ke rarrafe.

Ɗakin kallo shi ne rabin aikin, kuma shi ne ɓangaren da ya fi araha. Majigi ba ya iya zana baƙi, baƙin hoto shi ne duhun ɗakin, saboda haka labule mai kauri ya fi ƙarin wat 50 amfani. Farin yadi mara sheƙi daga layin 'yan yadi, tela ya kalmashe bakinsa, a goge shi, a ɗame a kan firam ɗin katako, ya isa. Bango ma ya yi idan filastarsa sumul ce, aka shafa farin fenti na ruwa, domin mai mai yana ƙyalli ya dami ido. Kwaɗayin girma shi ke ɓata wa mutane kallo. Idan aka rage faɗin hoto da rabi, haskensa ninkawa yake sau 4, don haka inci 60 mai haske ya fi inci 120 mai hazo daɗin kallo nesa ba kusa ba. Sifika a ajiye ta ƙarƙashin allo, a haɗa ta da igiya, saboda Bluetooth yakan sa murya ta makara baki ya riga ta.

Batun wuta kuwa, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kunna janareto don kallon fim ya zama abin da magidanci ke tunani sau biyu. Majigin gida yana iya zama a kan batirin sola mai bolt 12, da ƙaramin allo mai ɗaga wutar zuwa abin da LED ke so, ya kuma tsare ta kada ta ja fiye da ƙima. Fitila da fanka da allon sikirin gaba ɗaya wajen wat 120 ne. Batir mai amfiya 100, idan aka ci rabinsa kawai don ya yi ƙarko, zai ba da awa 5. Ya isa wasan ƙwallo da kashi biyu na Labarina.

Amfanin abin a gida ya wuce nishaɗin saurayi. Gidan kallon ƙwallo na maza ne, matan aure da 'yan mata da tsofaffi ba sa zuwa, kallonsu a kan 'yar waya yake, kai uku a kan sikirin ɗaya. Farin yadi a tsakar gida bayan sallar isha yana tara kowa a tabarma ɗaya, ko Daɗin Kowa ne, ko tafsirin azumi, ko darasin lissafi ga mai shirin jarrabawa. Uwa ta ga abin da 'ya'yanta ke kallo, su ma su ga nata.

To, haɗawa ta fi saye araha? Sau da yawa a'a, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Wanda bai tsinci sikirin da gilasai a tarkace ba, ya sayi komai sabo, zai iya kashe abin da ya kai kuɗin ƙaramin majigin China da ke shagunan kayan lantarki. Sai dai duk wanda ya kwance irin wannan majigi zai ga abin da ya sani ne a ciki: LED ɗaya, Fresnel biyu, sikirin ɗaya mai inci 4 ko 5, madubi, gilashin gaba, fanka. Manyan kamfanoni suna amfani da wasu dabaru, kamar DLP mai ƙananan madubai da Larry Hornbeck ya ƙirƙiro a Texas Instruments a 1987, ko sikirin uku, kowane launi da nasa. Na araha kuwa akwatin kafintan nan ne aka zuba a roba. Lambar dubban lumen da ake bugawa a kwalinsu ma yawanci ba hasken da ke isa bango ba ne, har Epson ya sha kai masu irin wannan iƙirari ƙara a kotunan Amurka. Ma'aunin da za a nema a kwali shi ne wanda aka rubuta ANSI a gefensa.

A nan ne wahalar mai haɗawa ke biyansa. Ƙananan majigan nan suna shiga makarantu masu zaman kansu, da islamiyyu, da gidajen biki, kuma cututtukansu sanannu ne ga wanda ya taɓa gina nasa. Tabo ruwan ƙasa a tsakiyar hoto ledar tacewa ce ta toye, ana ɓare ta a liƙa sabuwa a daidai kusurwar tsohuwar. Ɗige-ɗige masu hazo ƙura ce a kan Fresnel. Wanda ke mutuwa bayan minti goma fankarsa ce ta tsaya ko ramin iska ya toshe. Hoto mai duhu da ya koma shuɗi-shuɗi LED ce ta gaji. Yaron shago da ya iya canza sikirin ɗin waya ya riga ya mallaki hannun da aikin ke so, abin da ya rage masa sanin hanyar da haske ke bi daga fitila zuwa bango, da dalilin zaman kowane gilashi a inda yake.

Mai saye ma yana da gwajin da zai yi kafin ya ce a sallama masa. Ya sa a kunna farin hoto zalla, a bar shi rabin awa, ya duba tsakiya ko ta fara rawaya, ya duba kusurwoyi huɗu ko sun yi duhu fiye da kima, ya kara hannu a ramin iska ya ji ko fanka na turo zafi waje. Sannan ya tambayi mai shago ko akwatin yana da ƙofar share ƙura, domin wasu a rufe suke ruf, sai an kwance su gaba ɗaya kafin a kai ga gilashin.